Dakatar da ma'aikaci bisa zato: abin da ya faru a Ayilan a 1916

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda ake dakatar da ma'aikatan gwamnati da zarar an zarge su, kuma zan kafa hujja da wani abu da ya faru a ƙasar Ayilan lokacin da take ƙarƙashin mulkin Birtaniya.

A ranar Litinin, 24 ga Afrilun 1916, masu neman 'yancin Ayilan ƙarƙashin jagorancin Patrick Pearse da James Connolly suka kama babban gidan waya na birnin Dublin, suka shelanta jamhuriya. Ranar 29 ga watan suka miƙa wuya. Janar John Maxwell, wanda aka danƙa wa mulkin soja, ya sa aka kama mutane kimanin 3,500, aka tsare kusan 1,800 a sansanin Frongoch da ke Wales, sannan aka zartar wa shugabanni 16 hukuncin kisa kafin shekarar ta ƙare.

Guguwar ta biyo ta kan ma'aikatan gwamnati. An dakatar da waɗanda aka zarga da hannu a tawayen, daga baya aka naɗa Sir Guy Fleetwood Wilson da Sir William Byrne su duba batun kowa ɗaya bayan ɗaya. Cikin mutum 42 da suka bincika, an sallami 23, an yi wa ɗaya ritaya, an kuma mayar da 18 bakin aikinsu. Waɗannan 18 su ne abin lura a wurina, domin da an tsaya a kan zargi kawai, da sun rasa abincinsu tare da sauran. Gaskiyar Bahaushe da ya ce zato zunubi ko da ya tabbata.

Ba ina wanke kowa ba ne. Richard Mulcahy ma'aikacin gidan waya ne, ya kuma ɗauki makami, aka tsare shi a Frongoch, ya zo ya zama ministan tsaron Ayilan a 1922. Babu gwamnatin da za ta ci gaba da biyan wanda ya ɗaga mata bindiga. Sai dai ko 'yan mulkin mallaka, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, sun yanke wa waɗannan mutane hukunci cikin shekarar da aka zarge su.

A nan gida kuwa, dokokin aikin gwamnati sun ba da damar a dakatar da ma'aikaci a riƙa ba shi rabin albashi kafin a kammala bincike, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba kowa damar a saurare shi. Matsalar ita ce binciken ba ya ƙarewa. Na san wani akawu a nan Kaduna da aka miƙa wa takardar dakatarwa saboda sunansa ya fito a wata takardar ƙorafi da ba a sa wa hannu ba. Kullum da safe yakan je ya zauna a benci ƙofar ofis da kwafin takardar a aljihun gaba, masinja ya ce masa fayil ɗinsa yana kan teburin oga. Kafin kwamiti ya zauna, ya cire 'ya'yansa biyu daga makaranta. Manyanmu ba su manta da kakkaɓar 1975 ba, lokacin da gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata kimanin dubu goma, da yawansu ba a ji ta bakinsu ba.

Don haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da hukumar kula da ma'aikata su sa wa kowace dakatarwa wa'adi, a rubuta wa mutum laifin da ake tuhumarsa da shi, idan wa'adin ya cika ba a gama bincike ba a mayar da shi aiki tare da biyan rabin albashin da aka riƙe masa.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin gwamnati,
Unguwar Rimi, Kaduna.