Zuwa ga Uwata, a Kan Maganar Farfesan Nan

Aboabo, Kumasi

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai ƙafar mamanki da ke tashi in an yi sanyi. Saƙon muryar da kika aiko ta WhatsApp ranar Juma'a sau uku na saurare shi. Kin ce wata biyu ke nan kina wucewa ta ƙofar ofishin farfesan da kike so ya shiga kwamitin malaman da za su duba kundin digirinki na digirgir a can Amurka, amma kunya ta hana ki ƙwanƙwasawa. Mu muka koya miki kunyar nan, ban musa ba. Sai dai wannan ba wurinta ba ne. Zama a kwamitin ɗalibi yana cikin aikin da ake biyansa albashi a kai, ba bara za ki je ba.

Kafin ki taka ƙofar kowa, ki fara zama da malamar da ke kula da aikinki, tunda ita ce shugabar kwamitin. Ki kai mata sunaye uku ko huɗu, ki kalli fuskarta sa'ad da kike ambaton kowanne. In ta yi shiru a kan wani suna, ta ce bari ta yi tunani, to ki ajiye shi. Na ɗanɗana wannan lokacin da nake digirina na biyu. Na zaɓi malamai biyu don girman sunansu, ashe ko gaisawa ba sa yi. Wannan ya ce in cire babi na uku, wancan ya ce babi na uku ne ƙashin bayan aikin. Wata bakwai kundina yana kwance a kan teburi, har ƙura ta canza wa bangonsa launi, ni kuwa ina ta biyan kuɗin mota.

Don haka kar suna ya ruɗe ki. A Amurka kwamitin digirin digirgir yakan kasance mutum uku zuwa biyar, kuma jami'o'i da yawa suna so ɗaya ya fito daga wani sashe. Kujerun kaɗan ne, kowace ki ba wanda zai toshe miki wata ɓaraka. Aikinki a kan fataucin goro ne tsakanin Asante da ƙasar Hausa, da yadda kakanninmu suka watse daga Salaga bayan yaƙin 1892, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu nan Kumasi. Malamarki ta san takardun Turawan mulki, to wa zai duba miki karatun ajami? Rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon ba kowa ke iya karanta su ba. In farfesan nan yana iyawa, shi ne dalilinki, kuma shi za ki faɗa masa ƙarara.

Ki rubuta masa imel gajere. Sunanki, sashenki, sunan malamarki, abin da kike bincike a jimla biyu, da abin da ya sa shi kike nema ba wani ba. Ki ambaci wani aikinsa da kika karanta da gaske, kar ki yabi abin da ba ki buɗe ba, sukan gane. Ki haɗa da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya, ki roƙi minti ashirin ku gana. Doguwar gaisuwarmu ta ina gida ina gajiya, ki adana mana ita. Kuma kar ki tafi da tsaraba. A nan in za mu wurin malam da ƙullin goro muke zuwa, ladabi ne, a can kuwa kyauta kafin roƙo tana iya zama abin zargi.

In kun zauna, ki tambaye shi abu biyu ba tare da nauyin baki ba: yana da shirin tafiya hutun nazari kafin ranar da za ki kare kundin a gaban kwamiti? Babi-babi yake son karantawa, ko sai aiki ya kammala? Da yawansu daga Mayu zuwa Agusta ba a samunsu, sai ki lissafa da wannan.

In mako biyu ya wuce bai amsa ba, ki sake tuntuɓa sau ɗaya. In ya ce a'a, ki gode masa, ki tambaye shi wa yake ganin ya dace. Wanda ya ƙi tun farko ya fi miki wanda zai karɓa ya riƙe miki babi wata huɗu. In ya amince, ki kai takardar ofishin manyan digiri ya sa hannu a makon, kar ki tsaya a kan alkawarin baki.

Mamanki ta daka miki yaji da daddawa, muna jiran mai tafiya. Ki aika imel ɗin ranar Litinin, sannan ki kira ni bayan isha'inmu, lokacin ku kuna la'asar, ki karanta mini abin da kika rubuta.

Naki,
Baba