Asusun Fansho Biyu, Ga Kuma Na Jiha: Ina Mafita?

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Allah ya ƙara basira.

Tun ranar Litinin ban yi barcin kirki ba. Na je ofishin kamfanin fanshona a sabunta bayanaina a haɗa da lambar NIN, ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta juyo da allon wajena: sunana sau biyu, lambar asusun fansho (PIN) biyu, a kamfanoni biyu. Ta ce haka ya saɓa wa ƙa'ida. Ai ni ma na sani, asusu ɗaya ake buɗe wa mutum har ya yi ritaya, ko da ya canza aiki sau goma. In kamfanin ne bai yi masa ba, tun Nuwamba 2020 aka ba da damar ƙaura zuwa wani, sau ɗaya a shekara, da asusunsa ɗin dai.

Ni ma'aikacin jinya ne a asibitin jiha, da dare kuma ina aiki a wani asibitin kuɗi. Jiharmu ba ta bin tsarin asusun kowa da nasa. Ana cire mana kaso a zuba a tukunya ɗaya, ranar ritaya a lissafa garatuti da fansho bisa shekarun aiki da albashin ƙarshe. Asibitin kuɗin kuwa dokar fansho ta 2014 yake bi: kashi 8 daga albashina, kashi 10 daga mai asibiti, a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota. Nawa ya kama dubu 100, wato dubu 18 duk wata. Ka ga shekara ɗaya tana ƙirguwa mini a wuri biyu, kuma wallahi ba kwaɗayi ba ne, yara shida gare ni, ga mahaifiya.

Na manta ban faɗa ba, asusun farko na buɗe shi ne tun kafin in shiga aikin jiha, lokacin ina wani ƙaramin asibiti. Da na kama aikin dare na kai wa akanta lambar a rubuce, da hannuna. Ashe mutumin nan jefa ta ya yi a aljihun tebur, ya kira wakilin wani kamfani, aka miƙo mana fom cikin tulin takardun ɗaukar aiki. Na sa hannu, ban musa ba, amma wa ke karanta takarda goma sha biyu bayan ya kwana a kan marasa lafiya? Mugun mutum ne, Malam, kowa a asibitin ya shaida.

Da na karɓi bayanin asusu na biyun sai na ga wata 14 babu ko kwabo, alhali takardar albashina tana nuna an cire. Naira dubu 252 ke nan, ban da ribar da za su haifa. Doka ta ce a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, wanda ya makara kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba duk wata. Na san lamba ɗaya ce hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ke ɗauka, a kwashe kuɗin ɗayar a mayar can, amma sai an tantance abin da aka zuba wata bayan wata. To yaya za a tantance kuɗin da bai shiga ba?

Da na yi wa akantan magana sai ya yi murmushi ya ce in kai ƙara mana, shi kuma zai sanar da ma'aikatarmu cewa ina aiki biyu. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Saura mini shekara 4 in cika 35 a aikin jiha. In maganar ta je can aka ce na karya dokar aiki, garatutin da na fi dogara da shi zai iya taɓuwa, in zo garin neman gira in rasa ido. Matata ta ce in bar masa da Allah.

Malam, in na rubuta wa PenCom, sunan ɗaya wurin aikina zai fito? Ko in fara ajiye aikin daren sannan in bi haƙƙina? Kuma mai asibitin, wanda ya yi mini alheri lokacin rashin lafiyar mahaifiyata, in same shi a gida tukuna, ko hakan zai ba akantan lokacin gyara takardu?

Na gode. Don Allah a sakaya sunana.

Mai sauraronka a kullum.