Kafin A Kira Yaro Daƙiƙi, A Fara Duba Lafiyarsa

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ina roƙon a ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da iyaye da 'yan uwana malamai kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamar firamare ce, na kai shekara 14 ina koyarwa, kuma wallahi na sha ganin yaran da ake ce wa daƙiƙai ko marasa ji alhalin lalura ce ke damunsu ba wanda ya lura.

Akwai wata yarinya da na taɓa koyarwa, kullum littafinta fayau ba ta kwafi komai daga allo ba, an yi faɗan an yi horon har an gaji. Rannan sai na lura in ta kalli allo tana ƙanƙance ido, amma in na ba ta littafi a hannu karatu take tsaf, sai dai tana kai shi dab da fuskarta. Aka kai ta wajen likitan ido, ashe ba ta gani daga nesa, tabarau kawai aka ba ta, a zangon da ya biyo baya ta shiga sahun goman farko. Kuma ita ba ta taɓa faɗa ba don ta ɗauka haka kowa yake gani.

Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar idon ce take yin tsawo fiye da kima lokacin da yaro ke girma, sai hoton abin da ke nesa ya kasa sauka daidai a bayan ido, ya zama dishi-dishi. Gado yana ciki, in uwa ko uba na da matsalar yaro ya fi kusa da kamuwa, in su biyun ne kuma abin ya fi ƙarfi. Sai yawan ƙura wa abu ido a kusa na tsawon lokaci, waya ce ko kwamfuta ko littafi. Amma wanda mutane ba su cika sani ba, kuma ni shi ya fi tsaya min a rai, shi ne rashin fita waje, hasken rana yana taimakawa wajen hana idon yin wannan tsawon, shi ya sa likitoci ke cewa yaro ya samu kamar awa biyu a waje kullum. A Taiwan tun 2010 gwamnati ta sa makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 a rana, kuma sun ga sauƙi. A manyan biranen gabashin Asiya yanzu kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na masu gama sakandare ba sa gani daga nesa, kuma masana sun yi ƙiyasin nan da 2050 kusan rabin mutanen duniya za su shiga ciki. Mu kuma mun kulle yara a ɗaki muna murna wai ba sa yawo, mun miƙa musu waya don su yi shiru.

Na biyun ya fi ban tsoro, wato jijjiga. Yawancinmu da an ce jijjiga sai mu tuna yaro ya faɗi yana sandarewa yana kumfa, to akwai wata iri da ba a faɗuwa ko kaɗan, yaro zai tsaya cak ido a buɗe kamar ya tafi tunani na sakan 10 ko makamancin haka, ka kira sunansa ba ya ji, sai ya dawo ya ci gaba da abin da yake kamar ba a yi komai ba, kuma tana iya faruwa sau da yawa a rana guda. Nau'in farfaɗiya ce, ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 10, kuma tana jin magani sosai. Yaro nawa aka daka a aji saboda wannan, Allah kaɗai ya sani.

Kuma ba duk jijjiga ce farfaɗiya ba, a nan ma ana rikita iyaye. Wadda ta fi yawa a ƙananan yara ita ce ta zafin zazzaɓi, tsakanin wata 6 zuwa shekara 5, tana samun yara 2 zuwa 5 cikin ɗari, yawanci minti ɗaya biyu ta wuce kuma ba ta barin wata illa, amma duk da haka dole likita ya duba me ya kawo zazzaɓin, domin sanƙarau da maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa su ma da zazzaɓi da jijjiga suke zuwa kuma suna kisa. Saukar sukari a jini, buguwa a kai, ƙarancin iskar numfashi lokacin haihuwa, duk suna iya jawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in suna samun magani yadda ya kamata. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, dan Allah a daina guduwa a bar yaro shi kaɗai a ƙasa.

In abin ya zo, a kwantar da yaron ta gefe, a kawar da duk abin da zai ji masa ciwo, kar a danne shi, kar a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura masa ruwa ko magani sai ya farfaɗo sosai. A duba agogo, in ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa a garzaya asibiti nan take. In da hali wani ya ɗauki bidiyo a waya, likita zai fi gane irin ta.

Ina roƙon ku Edita ku gayyato likitan ido da likitan yara su yi mana cikakken bayani a shafinku na lafiya, zan yanke shafin in liƙa a ofishin malamai.

Wassalam,
Wata malamar firamare