Ƙanwata na son biyo ni Legas, ba ta san aikin da nake yi ba

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu.

Ni bazawara ce, 'yata ɗaya tana hannun Innarmu. A Legas nake zaune, kuma a gida kowa ya ɗauka a otal nake aiki. Gaskiyar ita ce rawa nake yi a kulob, irin wanda mata ke tuɓe kaya a gaban maza. Da kuɗin nan ake biyan hayar Inna, da maganin hawan jininta, da makarantar 'yata.

Abin da ya hana ni barci shi ne ƙanwata. Ta gama sakandare, ba ta samu gurbin jami'a ba, tana zaune. Inna ta ce bayan Sallah za ta turo min ita in nema mata aiki a otal ɗinmu. Yarinyar har ta fara haɗa kaya, kullum sai ta kira ni tana murna.

Anti, bari in gaya miki yadda aikin yake, don masu kallo daga waje kuɗin da ke zuba ƙasa kawai suke gani. Ba mu da albashi. A inda nake, ke ce ma za ki biya kafin a bar ki ki hau dandamali. Kuɗin liƙin da aka yi miki wani yaro ne zai tsince a leda, a kai ofis a ƙirga ba a gabanki ba. Kulob ɗin ya cire nasa, mai saka kiɗa ya karɓa, masu tsaron ƙofa su karɓa, domin in kin hana su, ranar da wani mashayi ya damƙe ki za su kau da kai. Kin makara, tara. Kin yi fashi don ciwon mara, tara. Kayan rawa, gashi, farce, takalmi mai tsini, motar da za ta mai da ke gida da asuba, duk daga aljihunki. Akwai daren da za ki koma da abin da malamin makaranta ba ya samu a wata, musamman a Disamba in mazauna ƙasar waje sun dawo hutu. Akwai kuma daren da za ki koma da bashi.

A farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, mun ga tashin hankali, don sana'ar ta tsabar kuɗi ce. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya ninka. A 2024 kuma EFCC ta tsananta kama masu liƙi da naira, har wani sananne ya sha ɗaurin wata shida. Daga nan manyan baƙi suka koma tura kuɗi ta waya, kuma asusun manaja ake turawa. Abin da ya ce an turo, shi ke nan.

Jiki ma yana biya. Gwiwoyina sun fara ciwo, cinyoyina duk tabon sandar ƙarfen da muke juyi a kanta. Yawancinmu ba sa iya fita gaban mutane sai sun sha wani abu, kuma gidan na son haka, saboda ana ba mu kaso in mun sa baƙo ya sayi kwalba mai tsada. A baki dokar kulob ta ce kallo kawai, ban da taɓawa. A ɗakin manyan baƙi dokar tana hannun mai kuɗi, kuma in kin kai ƙara, ke za a ce kin kori kwastoma. Wajen wa za ki je? Kowace a cikinmu ta san abin da ya faru a Abuja a Afrilun 2019, da aka kai samame gidajen rawa aka kwashe mata, wasunsu suka fito suka ce an yi musu fyaɗe a hannun jami'ai. Sai a 2021 kotu ta ce an take haƙƙin wasu daga cikinsu. Sannan ga waya. An hana ɗaukar hoto, amma mutum ɗaya ya isa ya ɗauka a ɓoye, washegari ki ga kanki a TikTok, 'yan unguwarku na turawa juna.

Ba zan ɓoye alherin da na gani ba. Matan da nake aiki da su, daga Edo, Binuwai, Kalaba, har da 'yan ƙasashen maƙwabta, su suka yi jinyata da na kwanta, kuma muna adashi tare. Da shi na tara abin da zai sayi keken ɗinki biyu ya biya hayar ƙaramin shago, don na iya ɗinki tun ina gidan miji. Sai dai ɗinki ba zai ɗauki nauyin gida a shekarar farko ba, kuma na ga mata da yawa sun tafi da rantsuwa, wata uku suka dawo saboda kuɗin haya.

Ƙanwata kyakkyawa ce, ga ƙuruciya, ga son abin duniya. In ta kwana bakwai a ɗakina za ta gane komai, kuma na san waɗanda za su fara yi mata tayi. Wallahi gara ta tsane ni har abada da in ga ta hau dandamalin nan. Amma in na ce kada ta zo ba tare da dalili ba, Inna za ta ce na samu wuri na manta da 'yan'uwana. In kuma na faɗi gaskiya, ina tsoron jininta ya hau, ina tsoron dangin tsohon mijina su ji su ƙwace min 'ya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to amma shirun nawa ne yanzu yake jawo yarinyar nan.

Anti, me zan ce wa Inna kafin Sallah? Shin in keɓe ƙanwata in gaya mata ita kaɗai, ko yarinya ba za ta iya riƙewa ba? Sannan ina roƙon ki tambayar min malamin da kike gayyata shirinki: kuɗin da na tara ta wannan hanya, ya halatta in ja jari da su in na daina, ko sai na rabu da su? In sai na rabu da su, da me zan sayi maganin Inna a watan farko? Ina sauraron shirinki duk mako, zan jira amsarki.

Taki ƙanwa,
daga Legas.