Wa zai yashe masan masallaci?

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin Ingila bai takura maka ba. Mu nan alhamdu lillahi, an yanke shinkafa, ana ta bugu. Jikin Inna da sauƙi, tana iya zama idan an jingina ta da matashi. Ta ce in gaishe ka, in kuma tuna maka turaren da ka yi mata alkawari.

Saƙonka sau uku na karanta shi. Ka ce kuna muhawara da abokan karatunka a kan duniyar da babu albashi babu ƙwadago, kowa ya yi aikin da ransa yake so, a ci tare. Wani ya tambaya wa zai yi aikin ƙazanta, kai kuma ka bugi ƙirji ka ce Bahaushe ya warware wannan tun kaka da kakanni, ai muna da gayya. Mutumina, na yi dariya. Ka daɗe ba ka zo gida ba.

Ba na cewa ƙarya ka yi. Watan jiya muka fita gayyar kachala. Ka san tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa, ruwan kogin Haɗejiya ya daina janyewa da rani yadda ya saba, ciyawar nan ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki ya samu maɓoya a cikinta. Bayan abin da ambaliyar 2022 ta yi mana, ba sai an roƙi kowa ba. Muka shiga ruwa iya ƙugu, da adda da lauje, matsattsaku na manne mana a cinya, ganyen yana tsaga tafin hannu. Ko kwabo ba a ba kowa ba. Amma mai ganga yana bakin gaɓa yana kiran sunan kowa da na ubansa, mata sun aiko da fura ƙwarya-ƙwarya, 'yan mata na tsaye a kan tudu. Yaron da ko tsinke ba ya ɗagawa a gidansu, ranar sai da aka janye shi daga ruwa.

Haka kabari. A yi rasuwa da asuba, kafin hantsi samari sun gama haƙa, har ana ƙwace diga a hannun juna. Malamai sun ce farali ne na kifaya, kuma kowa ya san wata rana shi za a haƙa wa.

To, sati biyu bayan kachala sai masan masallacinmu ya cika. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a fito gayya ranar Asabar. Mutum uku suka zo, biyu tsofaffi. Ni kaina ban je ba, na ce bayana yana ciwo, kuma Allah ya sani ba ya yi. Ƙarshe karo-karo aka yi aka ɗauko masu yasa daga cikin gari. Da tsakar dare suka zo, suka zuba kananzir a ramin don ya danne wari, ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka da bokiti, ɗan'uwansa yana haska masa da tocila. Na kai musu ruwan sha a kwanon da na san ba za mu sake amfani da shi ba. Da suka gama, babban ya miƙo mini hannu, ya tuna, ya janye abinsa. Wannan janyewar ta hana ni barci.

Ka ga gayya tana son rana da ganga da idon jama'a. Aikin da ake yi a ɓoye, wanda ba maroƙin da zai yi masa kirari, ba ta taɓa ɗaukarsa ba. A da can da ake yabo, wa yake yi? Tsofaffi sun san rinji, ƙauyen bayi da ke noma wa sarakai, kuma sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Layin dogon da ya iso Kano a 1911, dagatai aka sa suka tattaro mutane suka haƙa shi. Yau kuma almajiri ne yake kwashe kwata a ba shi ɗumame. Shekara biyu Inna na kwance, matata ce take ɗaga ta, ta wanke ta, ta wanke zannuwa. Babu mai biyanta, babu kuma wanda ya tambaye ta ko tana so. Idan aka soke albashi gobe, ina tsoron aikin zai gangara ne ya tsaya a kan wanda ba shi da bakin cewa a'a. Mai yasar nan aƙalla ya yi ciniki, ya ƙi tayinmu na farko, sai da muka ƙara.

Na san za ka ce a yi karɓa-karɓa. A Ruwanda kowace Asabar ta ƙarshen wata ana fita aikin gayya, amma doka ce, wanda ya ƙi ana iya cin tararsa. Mu ma muna da ranar tsafta tun zamanin Buhari da Idiagbon, ka kuma san yadda take: a zauna a gida har ƙarfe goma, a fito. Ni karɓa-karɓar da zan yarda da ita ita ce wadda ɗan dagaci da liman da malamin makaranta irina za mu shiga layi, a ga kowa ya riƙe igiya da rana tsaka. Na kawo wannan magana a majalisarmu ta bakin kasuwa, aka ce in sha shayina ya huce.

Mai yasar ya ce ramin ba shi da zurfi, zai sake cika nan da shekara biyu. Lissafina ya nuna daidai lokacin da za ka gama karatu ke nan. Na sa sunana na farko a takarda, naka na biyu. Ka taho da safar hannu mai kauri, guda biyu.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
abokin ƙuruciyarka