Injin Yankan Ciyawa na Ƙaramin Fili: Batir ko Fetur?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan tambayar da masu ƙaramin filin ciyawa a harabar gida suke yawan yi, wato ko injin yankan ciyawa mai batir ne ya fi dacewa da su, ko kuwa mai shan fetur. Amsar da aka saba ba su ita ce na fetur ya fi ƙarfi, don haka shi ne inji na gaske. Ban musa ƙarfinsa ba, amma ina ganin abin da ke wahalar da mai ƙaramin fili shi ne yawan zaman da injin yake yi babu aiki, kuma a kan wannan ya kamata a gina zaɓin.

A fara da lissafin da kowa zai iya yi da kansa. Idan faɗin yankan inji santimita 40 ne, mai tura shi kuma yana tafiyar kilomita 3 a awa ɗaya, to a takarda zai yanke murabba'in mita 1,200 cikin awa guda. Idan aka rage rabi saboda juyawa, da maimaita gefen layi, da kewaya bishiyoyi, da tsayawa don zubar da ciyawar da ta cika jaka, saura 600. Ke nan filin da ya kai murabba'in mita 200, wato misalin mita 10 a faɗi da mita 20 a tsawo, aikin minti 20 ne. Wanda yake yanka sau ɗaya a mako a lokacin da ciyawa ke tashi, injinsa ba ya cika awa biyu yana aiki a wata, kuma da ciyawar ta daina girma sai a jingine shi tsawon watanni.

Wannan zaman shi ne ajalin injin fetur. Fetur ba ya daɗewa da kyaunsa; bayan wata ɗaya ko biyu a tanki, sassansa masu saurin kama wuta suna bin iska, abin da ya rage kuma ya fara yin danƙo yana toshe ƙananan ramukan kafireta, waɗanda wasunsu da ƙyar tsinin allura yake shiga. Idan fetur ɗin yana da gaurayen etanol, yana kuma jawo laima daga iska, ruwa ya taru a ƙasan tanki, tsatsa ta biyo baya. Duk wanda ya taɓa ajiye janareta da mai a cikinsa na tsawon watanni, ya dawo yana ta jan igiya har kafaɗa ta sage, ya san ciwon da nake magana a kansa. Mai babban fili yana ƙone tankinsa a rana ɗaya ya zuba sabo, saboda haka ba ya gamuwa da wannan matsala sosai. Mai ƙaramin fili kuwa yankansa ɗaya bai cin rabin lita, don haka jarkar da ya cika tana iya kai shi watanni, kuma man da yake zubawa a ƙarshe tsoho ne tun kafin ya shiga inji. Maganin abin sananne ne: a sayi mai kaɗan kaɗan, a kuma bar injin ya ƙone abin da ke cikinsa har ya mutu da kansa kafin a yi masa doguwar ajiya. Sai dai mutane ƙalilan ne suke tunawa da haka a ranar yankan ƙarshe.

Bayan wannan akwai hidimar da injin fetur yake nema ko ya yi aiki ko bai yi ba: juyen baƙin mai aƙalla sau ɗaya a shekara, da duba filogi, da wanke matatar iska ko sauya ta. Ba a kuma kishingiɗar da shi yadda aka ga dama, domin idan aka karkata shi ta ɓangaren da ba daidai ba, baƙin mai yana malalawa cikin matatar iska da kafireta, ya tashi da farin hayaƙi ko ya ƙi tashi ɗungurungum. Na batir ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana danna maɓalli ya tashi, yawancinsu sun fi na fetur sauƙin nauyi, da yawansu kuma ana naɗe hannunsu a tsayar da su a jikin bango, abin da ke da muhimmanci ga gidan da ɗakin ajiyarsa ba shi da yalwa. Abin da ya rage wa mai shi shi ne wasa wuƙa da kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashi, kuma wannan aiki ya hau kan kowane irin inji.

Amma sayen na batir yana buƙatar a iya karanta abin da ke rubuce a jikin batirin, kuma a nan ne masu talla suke rikita mutane. Lambar da ke tare da harafin V, wato ƙarfin wutar batir, ita ake bugawa da manyan baƙaƙe, 18 ko 40 ko 56 ko 80, har mutum ya zaci ita kaɗai ce ma'auni. Abin da ke nuna yawan wutar da batir yake ɗauka shi ne a ninka lambar V da lambar Ah, wadda ke nuna girman cikin batir, sakamakon shi ne Wh. Batir mai V 40 da Ah 5 yana ɗauke da Wh 200, ya kuma fi mai V 56 da Ah 2.5, wanda bai wuce Wh 140 ba, duk da cewa lambar na biyun ta fi cika ido. A kuma lura cewa wanda aka rubuta wa V 40 a matsayin iyakarsa, ainihin ƙarfinsa a bakin aiki V 36 ne, kamar yadda mai 20 yake 18, don haka wancan Wh 200 ɗin ya fi kusa da 180. Batir irin wannan yakan yi rabin awa ko fiye a ciyawa busasshiya wadda ba ta yi tsawo ba, kuma hakan ya ishi filin da muka lissafa har da rara.

Adalci shi ne a faɗi inda fetur ya yi zarra. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin Wh 9,000, kuma ko da kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ya zama aiki, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi, ya yi daidai da batir goma irin mai Wh 180 ɗin da na ambata. Saboda haka wanda filinsa yake da faɗi, ko yake da gangara, ko yake barin ciyawa ta kai gwiwa kafin ya waiwaye ta, fetur ne abokin aikinsa. Doguwar ciyawa da jiƙaƙƙiya suna zuƙe batir cikin ɗan lokaci, haka ma dakusasshiyar wuƙa. Masana kula da ciyawa suna ba da shawarar kada a yanke fiye da sulusin tsawonta a yanka ɗaya, domin lafiyar ciyawar kanta, kuma wanda ya kiyaye wannan ƙa'ida ya sauƙaƙa wa batirinsa aiki ba tare da ya yi niyya ba.

Babban raunin injin batir shi ne batirin yana tsufa. Na litiyam yana jure caji sau ɗaruruwa, amma shekaru ma suna cin sa ko ba a yi amfani da shi ba, kuma zafi ne ya fi saurin kashe shi. Ba a barin sa a rana ko cikin mota a rufe, ba a ɗora shi a caja yana da zafi bayan aiki, idan kuma za a yi doguwar ajiya, a bar shi da kimanin rabin caji a wuri mai sanyi, kada a bar shi fanko. Ko da an kiyaye duk wannan, bayan wasu shekaru sai an sauya shi, kuma sabon batir yana cin kaso mai tsoka na kuɗin injin gaba ɗaya. Wani abin kuma shi ne kowane kamfani da irin bakin batirinsa: na Makita ba ya shiga injin Ryobi, na Stihl ba ya shiga na EGO. Wannan takura ce, ko da yake tana da amfani ta wani gefen, domin wanda yake da wasu kayan aiki na kamfani ɗaya masu ƙarfin wuta iri ɗaya yana iya sayen injin ba tare da batir ba. Ni dai ba zan ba kowa shawarar sayen injin batir na kamfanin da ba a san inda ake samun batirinsa da wuƙarsa ba, komai kyaun fentinsa, domin ranar da batirin ya mutu, lafiyayyen inji ya zama kayan jibge.

Batun ƙara da hayaƙi ma ya fi shafar ƙaramin gida, inda tagogin maƙwabta suke kusa. Injin fetur yakan kai kimanin desibel 90, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, a kunnen mai tura shi, alhali daga 85 ne ake fara gargaɗin cewa daɗewa cikin ƙara yana lalata ji. Na batir ba shiru yake ba, domin wuƙar tana kaɗa iska, amma ƙararsa ta yi ƙasa ƙwarai. Hayaƙin fetur kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa, shi ya sa ba a tayar da injin a cikin gareji ko ɗaki rufaffe. Kasuwar ma ta fara karkata: jihar Kalifoniya a Amurka ta kafa doka a 2021 da nufin kawo ƙarshen sayar da sababbin ƙananan injunan mai irin waɗannan, kamfanin Honda kuma ya daina ƙera injunan yankan ciyawa masu fetur a masana'antarsa ta Amurka a 2023.

Wani zai ce ai wutar lantarki ba ta da tabbas a wurare da yawa. Gaskiya ne, amma Wh 200 kashi ɗaya ne cikin biyar na yunit guda, ana kuma buƙatarsa sau ɗaya ne a mako, don haka awa ɗaya ko biyu na wuta sun wadatar, ko daga na'urar hasken rana ta gida. Inda wutar take tsaye kuwa, akwai inji mai waya da ake jonawa kai tsaye, wanda ba shi da batirin da zai tsufa, sai dai jan waya da kiyaye ta daga bakin wuƙa. Ga filin da bai kai murabba'in mita 100 ba, kada a raina injin turawa da hannu mai wuƙaƙe masu juyawa, irin wanda Edwin Budding ya ƙirƙiro a Ingila a 1830, domin har yau ana ƙera shi, yana kuma yanka mai tsafta muddin ciyawar gajera ce.

Kirana ga masu sayar da waɗannan injuna shi ne su riƙa faɗa wa mai saye adadin Wh na batir da tsawon garantinsa dabam da na injin, su ajiye batir da wuƙa da caja na asali a matsayin kayan sauyi, su kuma karɓi matattun batura daga hannun jama'a, domin batirin litiyam da ya fashe ko aka huda yana iya kama wuta a cikin shara. Masu amfani kuma, ko wane iri suka zaɓa, su zare batir ko su cire wayar filogi kafin hannunsu ya kusanci wuƙa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku