Zuwa ga Aminiyata, Kan Maganar Auta da Fo

Mabera, Sakkwato.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidimar yara? Ya Baban su Auta da mutanen Legas? Mu nan lafiya lau, in ban da zafin da ke gasa mu, kin dai san halin garinku in Afrilu ta kama.

Na saurari saƙon muryarki. Wata da watanni ban ji ɗuriyarki ba, sai da ƙin yin kashi a fo da ɗanki Auta ke yi ya tayar miki da hankali kika tuna kina da ƙawa a Sakkwato! Na yafe miki, don na ji yadda muryarki ke rawa. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna in rubuto. Ki karanta a tsanake, ki miƙa wa Babansu shi ma ya karanta, tunda kin ce shi ke ɗaukar tsumagiya.

Ki sa ranki a inuwa, yaro ɗan shekara 3 da wata 2 bai makara ba. Yawancin yara suna fara nuna sun shirya hawa fo ne tsakanin wata 18 da shekara 3, kuma da yawa sai sun doshi shekara 4 suke daina ɓata wando da rana gaba ɗaya. Maza kan ɗan biyo bayan mata da wasu watanni. Likitocin yara ba sa lissafa ɓata wando da kashi a matsayin lalura sai yaro ya cika shekara 4, fitsarin kwance kuwa sai ya cika 5. Alamun shiri ma yana da su: yana yin awa 2 famfas bai jiƙe ba, yana tuɓe wandonsa da kansa, in kin aike shi ya ɗauko takalmi yana ɗaukowa, ga shi fitsari ma kin ce yana yi a fo in ya ga dama.

Maganar Hajiya surukarki cewa nata 'ya'yan tun suna wata 6 suka daina ɓata zane, kada ki yi mata musu, gaskiya ta faɗa. Haka iyayenmu ke yi, har gobe kuma ana yi a cikin gari. Uwa ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a tsakaninsu, ta riƙe shi tana yi masa "sss", ya yi abinsa a ƙasa, a kwashe. Amma a wannan lokacin uwar ce ta san sa'ar: in ya tashi daga barci, in ya gama shan nono, in ya fara mutsu-mutsu a goye. Shi yaron, jijiyoyin da za su gaya masa mafitsara ta cika, ya matse har ya isa wurin, ba sa ƙosawa sai wajen wata 18 zuwa shekara 2. Ga shi ɗan Hajiya da tsumma aka raine shi, yana yi yana jin danshi. Naki kuwa famfas na shanye komai, bai taɓa sanin ya jiƙe ba. Ki gaya mata haka cikin ladabi, za ta gane.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Abubuwa huɗu kika faɗa a tsakiyar kukanki, kika wuce su ba ki tsaya ba, su ne suka hana ni sukuni. Kin ce yana shigewa bayan labule. Kin ce yana miƙewa a kan 'yan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, ya sandare, yana nishi. Kin ce yakan yi kwana 3 ko 4 bai yi ba. Kin ce kuma kusan kullum da ɗan shafe-shafe a wandonsa. Ƙawata, ruwa ba ya tsami banza. Wannan tsayuwar da kike ganin yunƙuri ce, riƙewa yake yi. Yaronki na fama da taurin bayan gida, kuma tsoro yake ji.

Ga yadda abin ke tafiya. Wata rana ya yi mai tauri, ya ji zafi, wataƙila har da 'yar tsagewa a bakin duburar. Daga nan in ya ji yana zuwa sai ya matse. Hanji kuwa aikinsa tsotse ruwa, duk kwanan da kashi ya ƙara a ciki sai ya ƙara bushewa da girma, ranar da zai fito zafin ya fi na baya, tsoron ya ƙaru. In an daɗe a haka, ƙarshen hanjin ya buɗe ya saki, yaro ya daina jin alamar zuwansa. Sai mai ruwa-ruwa na sama ya riƙa zagaye mai taurin yana tsiyayowa cikin wando, shi bai ma sani ba. A nan iyaye ke cewa ganganci ne su daka, ko su ɗauka gudawa ce su sayo maganin tsayar da ita, abin ya ƙara cushewa. Kuma wannan tarin yana danne mafitsara, shi ya sa fitsarin ma ke kufce masa.

Don haka a ajiye tsumagiya daga yau. Yaron da ke tsoron zafi, in an ƙara masa da tsoron duka, matsewa zai ƙara yi.

Gobe ki duba abin da ya yi da idonki, kada ki bar wa 'yar aiki. In ƙananan dunƙule ne busassu kamar na akuya, ko ƙato guda mai tsattsagewa, ko da ɗigon jini ja a jikinsa, to magana ta tabbata. Ki kai shi wurin likitan yara, ki faɗi waɗannan abubuwa huɗu yadda kika faɗa mini. Akwai maganin laushi da ake ba yara, irin su laktulos, likita ne zai auna gwargwadon shekaru da nauyinsa. Inda mata ke kuskure, da sun ga ya yi sau biyu lafiya sai su daina. Maganin nan watanni ake yi ana sha, har hanjin ya koma daidai, yaro ya manta da zafin, sannan a riƙa ragewa a hankali. Na roƙe ki kada ki bari a tura masa sabulu, kada kuma a ɗura masa jiƙon basir, ko daga hannun wa ya fito.

Abinci kuma, na san ki da Indomie da biskit, tun muna makaranta ba ki da abokan da suka fi su. Ki rage masa. Madara kada ta wuce kofi 2 a yini, wajen rabin lita, don yawanta na cika masa ciki ya ƙi abinci. Ki ba shi gwanda, mangwaro, kankana, lemun zaƙi da ɓargonsa, wake, alale, miyar kuɓewa, miyar kuka, kwaɗon zogale in zai ci. Ruwa ƙananan kofi 6 zuwa 8, a rarrabe daga safe zuwa yamma. Yara in wasa ya yi daɗi ba sa neman ruwa, sai an bi su da shi.

Zaman fo kuma yana da lokacinsa. Hanji na motsawa da kansa in abinci ya shiga ciki, don haka minti 20 zuwa 30 bayan karin kumallo da bayan abincin dare, ki ɗora shi. Minti 5 ya isa. Ya yi, ki yaba masa. Bai yi ba, ki yaba masa zaman, ki ɗaga shi. Barin yaro rabin awa a kan fo yana kuka sa shi tsanar fon yake yi. Ƙafafunsa su taka ƙasa sosai, gwiwoyi su ɗan fi ƙugu tudu. Wannan masan naku na zama, in ya hau ƙafafu na lilo, ba zai iya yunƙuri ba, ga tsoron faɗawa ciki. In dole sai shi, ki sa masa 'yar kujerar tsakar gida ya taka. Ki ba shi balan-balan ya hura yana zaune, hurawar na matsa cikinsa zuwa ƙasa ba tare da ya lura ba.

Tunda ya ce sai a famfas zai yi, kada ki hana shi lokaci ɗaya, in kin hana riƙewa zai yi. Da rana ya yini da wando na auduga mai roba, mai saukin tuɓewa. In ya nemi famfas ki sa masa, amma a cikin bayi zai tsaya ya yi, ba bayan labule ba. In ya saba da haka, ya zauna a kan fo da famfas ɗin a jikinsa. Bayan kwanaki ki sassauta manne ɗin, ko ki huda ƙasansa da almakashi yadda abin zai faɗa cikin fo. Daga nan a shimfiɗa shi kawai a ciki, har a daina. Kowane mataki ki ba shi mako ko fiye. Aikin gaba ɗaya yakan ci wata 3 zuwa 6, kuma zai riƙa kufce masa jefi-jefi. In ya ɓata, ki ce "a fo ake yi", ki wanke shi, magana ta ƙare. Ki juye fon a masai nan take, ki wanke da sabulu, ku wanke hannu ke da shi. Tsarki ke za ki ci gaba da yi masa, hannun ɗan shekara 3 ba ya kaiwa yadda ya kamata, amma ki bar shi ya riƙe buta, ya koyi hannun hagu, ki riƙa karanta addu'ar shiga yana ji.

Af, wai ni kam, wannan rigimar da kika ce ya tsira ta maƙale miki, ko dai ƙani ke tafe kike ɓoye mini? Ki faɗi gaskiya, don in haka ne lissafin ya canza. Haihuwar ƙani, tashi daga gida, sabuwar makaranta, ciwo, duk suna mayar da yaro baya, kuma ba a matsa masa a irin wannan lokacin. Gwaggo ma ta tambaye ni, ta ce hotonki na Sallah ta ga kin yi haske. Ta dawo daga Umara da ciwon gwiwa, amma bakin yana nan yadda kika san shi. An sa ranar 'yar wajen Kawu ta Runjin Sambo, bayan damina, kuma wanda muke zato ɗin ne, ba na Gusau ba. Ankon ya fito, shuɗi ne, kowa na ƙorafin kuɗinsa kowa kuma ya biya.

Na kusa mantawa da 'yarki Ummi, ita ma kin sako ta a ƙarshen saƙon. Fitsarin kwance a shekara 6 abu ne da ya zama ruwan dare. Cikin yara 'yan shekara 5, wajen 15 cikin 100 na yi, kuma kowace shekara wasu na dainawa da kansu. Gado ne sau da yawa: in uwa ko uba ya yi, kusan rabin 'ya'yan kan yi, in duka biyu ne, wajen uku cikin huɗu. Ki tambayi Hajiya a asirce shekara nawa Babansu ya kai, ki ga in ba ta yi dariya ba. Akwai sinadarin da jiki ke fitarwa da dare yana rage yawan fitsari, a wasu yaran yana jinkirin daidaita, ga nauyin barci. Ba lalaci ba ne. Ki hana yaran gidan kiranta amalala, kuma kada a shanya katifarta a gaban baƙi don a kunyata ta.

Ta sha yawancin ruwanta da safe da rana, a rage awa 1 zuwa 2 kafin barci. Shayi da lemun kwalba da daddare a bari. Ta yi fitsari bayan sallar isha'i, ta sake yi dab da kwanciya. Ki sa leda ƙarƙashin zanen gado, ki bar mata fitila a hanyar bayi. Tashinta da tsakar dare yana ceton katifa, amma ba ya koya mata komai in a cikin magagi take. Ita ma ki duba bayan gidanta. In ta doshi shekara 7 abin na damunta, akwai na'urar da ke ƙara da ta fara jiƙewa, akwai kuma magani a wurin likita. Tsarkinta daga gaba zuwa baya.

Abu ɗaya nake so ki tabbatar mini: tun asali ba ta taɓa dainawa ba, ko ta yi wata 6 a bushe sannan ta dawo? In ta dawo ne, a gwada fitsarinta wannan makon. Haka in tana kukan zafi wajen yi, ko zazzaɓi, ko ƙishirwa mai yawa da rama, don ciwon suga na kama yara. Haka in wandonta kullum a jiƙe yake dare da rana, ko tana minshari mai ƙarfi. In ba ku taɓa gwada jininta na sikila ba, ku gwada, ƙodar masu sikila ba ta iya rage fitsari da dare. Kuma tunda ta yi dogon hutu a Goronyo wurin kakanninta, ki tambaye ta ko sun shiga ruwa. Tsargiya na nan a yankin, alamarta jini a ƙarshen fitsari, tana kuma sa yawan jin fitsari. Ki gaya wa likitan Legas ɗin inda ta je, don ba lallai ya kawo ta a ransa ba. In kuma kin fi so ki bari sai kun zo, akwai sashen yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai mu je tare. Na Auta dai kada ya jira zuwanku.

Ki samu ɗan littafi, na mako 2, ki riƙa rubuta ranar da ya yi, da lokaci, da yadda yake, ki ɗauki hoton shafin ki turo mini. Ki turo da awon rigarki ma, tela ya ce ba zai karɓi ɗinki ba in an shiga watan bikin. Inna na gaishe ki, ta ce kilishin yana nan zuwa ta hannun direban Kawu, kada ki ba Auta da yawa.

Ki gaida Hajiya da kyau, ki shafa mini kan yaran.

Taki,
Aminiyarki.